Ƙurar Kwamfutar Akawu

Rana ta yi ja, inuwar katanga ta riga ta cinye tsakar gida, lokacin da 'Yar Baba ta rungumo akwatin kwamfutar mahaifinta ta dire shi a kan tabarma. Umma ba ta nan, ta tafi dubiya. Da tana nan da ba a yi ba, domin tun rasuwar Akawu ta ja ƙofar ɗakin aikinsa, ta hana a taɓa ko allura a ciki. Tsintsiya ma ba ta shiga. Kujerarsa tana nan yadda ya ture ta baya ya tashi, hularsa tana rataye a ƙusa.

Akawu suna ne da 'yan unguwa suka laƙaba masa, saboda ya ƙarar da rayuwarsa yana buga wa mutane takardu, tun zamanin tafireta har ya sayi wannan kwamfutar tebur. Mutum ne mai barkwanci, wanda ko kaza ya gani sai ya tsokane ta. Ya bar mace ɗaya da 'ya ɗaya, wadda ya shagwaɓa har sunanta na yanka ya ɓace, kowa ya koma kiranta 'Yar Baba. Yanzu ta kai ajin ƙarshe a kwaleji, tana da aikin da za ta buga, kuma sai da ta yi ta magiya kafin Umma ta yarda ta riƙa kunna kwamfutar. To amma na'urar ta gaji. Da an kunna sai fankar ciki ta kama gurnani, jikin akwatin ya ɗau zafi, can a tsakiyar aiki ta ɗauke ɗif. Wata ƙawarta ce ta ce mata ai ƙura ce ta toshe ta.

Ta cire wayoyi, ta kwance notuka da sukudireban babanta, ta zare murfin gefe. Ƙura ce a ciki mai kauri, ruwan toka, ta lulluɓe fanka, ta cike tsakanin haƙoran ƙarfen da ke sanyaya na'urar, ta nannaɗe wayoyi. A can kusurwar ƙasa, bayan akwatin wuta, ƙurar ta taru wuri guda, da ɗan lotso a tsakiya, sumul, kamar inda kyanwa ta kwanta ta tashi. Ta sa yatsa a wurin, ta ji ɗumi. Kwamfutar kuwa tun safe a kashe take.

Wani da ya dakata nan ya yi tunani. Ita sauri take yi, tana so ta gama kafin Umma ta dawo. Ta bi ko'ina da ƙaramin burushi, ta danne fankar da yatsa don kada ta juya, sannan ta ɗauko na'urar hura iska ta auna kusurwar nan. Ladan ya ɗaga murya ke nan ƙurar ta tashi. Ba ta watse ba yadda ƙura ke yi. Ta tsaya cak a iska, doguwa, kamar tana duba wanda ya tashe ta, sannan ta dawo fuskar yarinyar. Ta yi tari har da hawaye, ta goge ido da gefen mayafi, ta share ragowar ta zuba a kwata, ta bi shi da ruwan wankin da ya kwana a bokiti.

Da ta mayar da akwatin ɗaki ta kunna, sai ya tashi shiru, fanka tana juyawa ba ko ƙara. Daɗi ya kama ta. Tana cikin sallar magariba dutse na farko ya faɗo a kan kwano.

Umma tana shigowa ta tsaya a bakin ƙofa, ta kasa kunne.

"Me ya sami kwamfutar? Ban ji kukanta ba."

"Gyara ta na yi, Umma. Ƙura ce kawai, na share."

Umma ta daɗe tana kallonta. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi.

"Ƙurar ma ba za ki bar min ba?"

Ta shige ɗakinta. Wani dutsen ya sake faɗowa, ya gangaro ta kan kwano ya tsaya a gaban tabarma. 'Yar Baba ta ɗauka ta yar da sauri, domin ɗumi gare shi kamar an ciro shi daga hannun mutum.

Daga ranar, magariba ta daina zuwa gidan nan lafiya. Da rana ta karkata, kaji suka shiga akurki, sai jifa ya fara, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Maƙwabta suka ce yaran unguwa ne. Kawu, yayan Umma, mai sayar da kayan gini, ya zo da sandarsa ya tsaya a bayan katanga don ya kama ɗan banzan da ke yi. Bai ga kowa ba. Abin da ya gani shi ne duwatsun daga sama suke saukowa, a miƙe, ba daga wani gefe ba. Ya dawo ciki, ya ce a dai riƙa addu'a.

Sai kuma ƙarar madannan kwamfutar. Ɗakin a rufe, waya a cire daga soket, amma ana jin ƙyas-ƙyas na yatsu a kai, a tsaya kamar mai neman kalma, a ci gaba. Umma ta san wannan bugun. Ta shekara da shekaru tana jin sa daga kicin.

'Yar Baba kuma ta fara jin sanyi. Ana tsananin zafi, mutane na neman inuwa, ita sai ta kwanta a siminti a tsakiyar rana ta ƙudundune. Takan rungume butar shayi har fatar hannunta ta yi ja. Da safe a tarar da ƙura mai laushi a kan matashinta, a cikin gashinta, har a gefen bakinta, a share, washegari ta dawo. An kai ta asibiti, aka auna duk abin da ake aunawa, likita ya ce bai ga komai ba, a bar ta ta huta.

Wata magariba Umma ta idar da salla ta ji shiru, ba jifa. Shirun ya fi jifan ban tsoro. Ta leƙa ɗakin aiki, sai ga yarinyar zaune a kujerar Akawu, ta harɗe ƙafa yadda yake yi, tana tura wani tabarau da babu shi a kan karan hancinta. Ta yi gyaran murya irin tasa, ta juyo.

"Manaja, yau ba shayi ne?"

Duk duniya mutum ɗaya ne ke kiran Umma Manaja, don tsokana, wai ita ke juya gidan shi ɗan aiki ne. Muryar tasa ce, da ɗan kaushin nan nata, da dariyar da ke ɓoye a ƙarƙashi. Umma ta zauna a dokin ƙofa. Ta buɗe baki za ta nemi tsari, kalmar ta maƙale.

"Kin yi shiru. Ko an rage wa ɗan aiki albashi ne?"

Umma ta tashi ta dafa shayi.

Ba wanda ta gaya wa. Kullum da rana ta sunkuya sai ta ɗora ruwa, ta kai kofi ɗakin, ta zauna a dokin ƙofa suna hira. Yana tambayarta ciwon gwiwarta, yana yi mata tsiya kan gishirin da take cikawa a miya, yana ba ta labaran mutanen da ya buga wa takardu. Jifa ya tsaya. Ta san ba shi ba ne. Mace ce mai salla, ta ga gawarsa da idonta, ta san matacce ba ya dawowa shan shayi. Amma kewa mugun abu ce, kuma tun da aka fita da shi ba wanda ya ba ta dariya sai wannan muryar. Takan ce wa kanta yau ne na ƙarshe, gobe za ta kira Yaya. Goben ta zo, ta sake ɗora ruwa.

Yarinyar ce ke biya. Da farko tsakanin magariba da isha ne kawai take ɓacewa, ta farfaɗo tana tambayar yadda aka yi ta zo kujerar nan. Sannan abin ya fara tun la'asar. Ta daina zuwa kwaleji. Abinci sai an tura mata. Awarwaronta ya riƙa zamewa daga hannu yana faɗuwa. Wani lokaci da hantsi takan kalli Umma da ido fayau, kamar tana ƙoƙarin tuna inda ta san ta.

Kawu ne ya shigo wata yamma da sallamarsa, ba wanda ya amsa. Yana tsakar gida ya ji dariyar surukinsa, mutumin da shi da kansa ya sa a kabari, tana fitowa daga ɗaki, dariyar ƙanwarsa tana biye. Ya leƙa ya ga kofin shayi, ya ga abin da ya rage na yarinyar.

"Tun yaushe?"

"Yaya, ai ta fara samun sauƙi. Ka ga ko jifan an daina."

"Na ce tun yaushe?"

Umma ta sunkuyar da kai. Kawu ya juya ya fita.

Washegari bayan la'asar ya dawo da Malam. Dattijo ne siriri, mai karantar da manya, wanda ya san wannan fanni kuma ba ya son a yi ta yayata shi. Bai nemi turare ko wani tarkace ba. Ya ce a buɗe masa akwatin kwamfutar. Kawu ya kwance murfin, Malam ya durƙusa ya daɗe yana duban cikinta fes, musamman kusurwar ƙasa. Ya tambayi lokacin da aka share, da inda aka zuba ƙurar. Da aka gaya masa sai ya girgiza kai kawai, ya sa aka zaunar da yarinyar a tabarma, Umma ta riƙe ta ta baya, ya fara karatu.

Ya daɗe yana yi, murya ƙasa-ƙasa, ba ya ɗagawa ba ya saukewa. Hasken taga ya koma ja, ya koma toka. Ɗakin ya yi sanyi. Madannai suka yi ƙyas sau ɗaya a kan tebur, ba mai taɓa su. Sai jikin yarinyar ya sandare, kanta ya ɗago.

"A'a, Malam da kansa? Manaja, baƙo ya zo ba ki kawo masa ruwa ba?"

Malam bai ko ɗaga gira ba.

"Akawu yana kabarinsa, ina cikin waɗanda suka yi masa salla. Ajiye muryar mutane ka yi magana da taka."

Ya ci gaba da karatu, ya ɗan ƙara ƙarfi. Yarinyar ta yi ta murɗewa, Umma tana jin ƙasusuwanta a tafin hannu. Can wata murya ta fito, siririya, busasshiya, ta tsoho tukuf.

"Ya isa. Ka sassauta, kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Tsoho ne. Nawa sun watse sun bar ni. Sanyi nake ji, Malam, ƙashina ba ya ɗaukar sanyi."

"Me ya kawo ka jikin 'yar mutane?"

"Ita ta rushe min ɗaki. Na daɗe a akwatin can, ban taɓa cutar da kowa ba. Mai gidan ya sani. Bai taɓa ganina ba, amma ya ga makwancina. In zai yi shara sai ya ƙwanƙwasa murfin ya ce, masu gida a yi haƙuri za a ɗan taɓa. Ya jira. Ya share ko'ina ya bar min kusurwata."

Umma ta rufe baki da hannu. Ta sha jin sa yana faɗin haka, ta ɗauka cikin shirmensa ne.

"Ita kuwa ba sallama, ba bisimilla, da almuru, ta auno ni da guguwa. Ta zuba shimfiɗata a kwata, ta bi ni da ruwan sanyi. Na duba, ba abin da ke da ɗumi kusa sai ita."

"Ba ta sani ba," in ji Malam. "Wanda bai gan ka ba bai zalunce ka da gangan ba. Kai kuwa kana gani kake cin ta. Ka ji tsoron Allah ka fita. Ga akwatinka nan."

"Fes yake. Iska ke ratsa shi ta ko'ina."

"To akwai gidan burodi a ƙarshen layin nan. Bayan tandarsu akwai kango, ba mai shiga, bangon ba ya hucewa dare da rana. Ka koma can, ka yi alkawari ba za ka sake taɓa ɗan Adam ba."

A waje ladan ya fara kiran magariba, ba wanda ya motsa har ya gama.

"Wurin ya yi," in ji muryar. "Amma ba kai za ka sallame ni ba. Ni baƙo ne a gidan nan. Kullum ana kawo min shayi."

Malam ya juya ya dubi Umma, ba da fushi ba.

"Gaskiya ya faɗa. Ina iya matsa masa da karatu har ya fita dole, amma yarinyar za ta sha wuya, kuma jikinta ba ƙarfi. Ko ya fita, muddin ana marmarinsa a gidan nan zai dawo. Ke kika karɓe shi, ke za ki sallame shi."

Kan yarinyar ya juyo a hankali har fuskarta ta kusa taɓa ta Umma. Idanun a buɗe suke, amma ba 'Yar Baba a cikinsu.

"Mu yi ciniki, uwar gida. Ki bar min magariba kawai, sauran yinin nata ne. Shekarun da na yi a ƙarƙashin teburinsa, duk abin da ya faɗa a ɗakin nan yana wurina. Har wanda ba ki ji ba. Yana yawan magana shi kaɗai in yana aiki, kuma rabin maganar a kanki ce."

Muryar ta ci gaba.

"Ranar da ya tashi daga kujerar can bai dawo ba, kina kicin. Ya tsaya da bugu, ya dafe ƙirji, ya faɗi wata magana a kanki. Ni kaɗai na ji. Ki bar ni, gobe in faɗa miki da bakinsa."

Wannan ne ya same ta a inda ba ta da kariya. A ranar, tana jin ya kira ta, ta ce tana zuwa, ta tsaya sauke tukunya. Da ta zo ya riga ya faɗi a tsakar gida, bai sake magana ba. Ba daren da ba ta tambayi kanta abin da yake so ya ce. Ga shi yanzu an miƙo mata, kuma farashin magariba ɗaya ce, sai wata, sai wata.

Kawu ya buɗe baki, Malam ya ɗaga masa hannu.

Umma ta dubi hannun da take riƙe da shi. Yatsunta biyu sun zagaye tsintsiyar hannun har sun haɗu sun wuce. Sanyi ƙalau, kamar ƙarfe. Ta tuna yadda Akawu ke ɗora wannan hannun a kan madannai tun yana ɗan mitsitsi, yana cewa a bar ta ta ɓata masa aiki, ai ita ce mai kamfanin.

"Riƙe abinka," ta ce. "Ba na so. Ka tafi."

Sai muryar ta sauya, ta koma waccan, mai kaushi, mai taushi, yadda yake yi in yana lallashinta.

"Haba Manaja. Ni za ki kora?"

Umma ta fashe da kuka. Ta rungume yarinyar ta ƙanƙame, ta yi magana a cikin gashinta mai ƙura.

"Da shi ne, da ba sai an roƙe shi ba. Da ya ga hannun nan da tuni ya fita. Na sallame ka. Kada ka sake zuwa gidana, ba shayi, ba hira. Ka tafi don Allah."

Malam ya karɓi alkawari daga bakin tsohon, ya maimaita masa, sannan ya ci gaba da karatu. Jikin yarinyar ya yi laƙwas, ya saki. Ta yi wata irin atishawa mai ƙarfi, ƙura ta fito ta hancinta da bakinta, ta tsaya a iska ɗan lokaci a gaban Umma, sannan ta bi ta taga. Wani dutse ƙarami ya gangara a kan kwano ya faɗa bayan gida, daga shi ba a sake jin wani ba.

Malam ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya ce a ba ta ruwa mai ɗumi da abinci mara nauyi, in za a sake taɓa irin wuraren nan a yi da rana, a ambaci Allah. Kawu ya raka shi, su biyun suna sauri kada salla ta wuce su.

Ɗakin ya rage su biyu, duhu yana shigowa. Umma tana jin ɗumi yana dawowa hannun da take riƙe da shi, kaɗan-kaɗan. Can yarinyar ta buɗe ido, ta dubi silin, ta dubi akwatin da ke buɗe, ta dubi fuskar da ke kanta.

"Umma?" Muryarta ce, tata ta kanta, a dashe. "Da wa kike magana? Kamar na ji kina cewa wani ya tafi."

Umma ta goge mata gefen baki da mayafi. Ta so ta ce ba kowa, bakinta ya ƙi.

"Babanki ya rasu, 'yar nan."

'Yar Baba ta ɗaga siririn hannunta ta shafa kuncin uwar.

"Na sani, Umma. Ke nake ta jira."

Suka zauna nan a kan tabarma suna kuka, ba wanda ya tashi ya kunna fitila.